Ƙwaryar da Hayatu Ya Ɗinke

"Luba, ga Babanki can!" in ji Françoise mai tukwane.

Luba ta ajiye ƙarfen zane. Rana ta uku ke nan da buɗe kasuwar masu sana'ar hannu a Garuwa, kuma mahaifinta Malam Idrisa mahauci ya hana ta zuwa. Makon jiya ya ji labarin tana kula wani baduku, cikin fushi ya buga ƙwaryar marigayiya mahaifiyarta da ƙasa. Ta rabe biyu.

Badukun shi ne Hayatu. A irin wannan kasuwa suka haɗu bara, Françoise ta haɗa su aiki: Luba ta zana ƙwarya da wuta, shi ya naɗe bakinta da jar fata.

Malam Idrisa ya tsaya gaban teburin, bai yi sallama ba.

"Tattara kayanki."

"Baba, don Allah…"

"Daga unguwar Djamboutou na taho da ƙafa. Kada ki sa in maimaita!"

Hayatu ya durƙusa. "Sannu da zuwa, Baba."

"Ban haife ka ba. In ta bar wurin nan, kun rabu ke nan."

Sai idonsa ya sauka kan ƙwaryar da ke ƙarshen teburin. Ya san zanen: na matarsa ne. An ɗinke tsagar da siririn zaren fata.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne," in ji Hayatu. "Kwana huɗu na yi a kanta."

"Don ku sayar wa baƙi?"

"Ba ta sayarwa ba ce, Baba," in ji Luba. "Da ita Inna take kawo maka fura."

Malam Idrisa ya juya ƙwaryar, ya bi ɗinkin da farce.

"Ɗinkin ado daban, na gyartai daban. Miƙo butar can."

Ya cika ƙwaryar da ruwa, ya ɗaga sama. Françoise ta bar mai ciniki tsaye. Luba ta zuba wa gindin ƙwaryar ido.

Minti ɗaya. Biyu. Ko ɗigo.

Malam Idrisa ya kai ƙwaryar baki ya sha. Ya daɗe bai sauke ta ba.

"Kai ɗan wane ne?"

"Ɗan Hamadu na Ngong."

"Ka ce masa Juma'a bayan masallaci ina gida."

Ya saƙale ƙwaryar a hammata ya tafi shi kaɗai.