Wa Ta Goge Maka Ƙafa?

Ranar da Zayyanu malamin gona ya zo daga Bukkuyum ya kawo wa babanta irin gero a Gummi, Zinatu ce ta kai ruwa zaure. Kunya ta hana ta ɗaga kai, don haka ƙafarsa ta fara sani kafin fuskarsa: diddige duk faso. Shi kuwa sallamarta kaɗai ta gama da shi.

Bayan wata shida aka sa rana. Inna ce dai ba ta so. "Ma'aikacin gwamnati? Kullum shina otal, ɗiyata."

Ilai kuwa, aka tura shi taron kwana huɗu a wani otal a Gusau. Saƙonsa ya shigo wayar Zinatu: "Zinariyata, ga ɗakin taro mai sanyi, ga kaji, amma tunda ba ke, komai lami ne."

Da ya dawo ya zo zance, ya tuɓe takalmi zai hau tabarma. Zinatu ta dubi ƙasa kamar kullum, sai idonta ya sauka kan ƙafarsa. Diddige sumul, har da sheƙin mai.

"Wa tag goge maka ƙafa?"

"Can otal ɗin akwai wurin..."

"Ban tambai wuri ba. Mi sunanta?"

Bawan Allah sai ya yi dariya, dariyar da ta ɓata komai. Kishi ya turnuƙe ta, ta shige gida da kuka. Inna ta ce ranar Juma'a za a mayar da kayansa. Zinatu ta tura masa: "Wadda ta riƙe ƙafarka ta riƙe gidanka."

Ranar Alhamis ya roƙi babanta, ya ɗauko mota, ya kwashi Zinatu da Inna sai otal ɗin nan na Gusau. Suka wuce ɗakin cin abinci, suka wuce na'urorin motsa jiki, har wani ɗan ɗaki. Wani dattijo mai furfura, Dikko, na zaune gaban roba da dutsen goge kaushi.

"Ango!" in ji Dikko. "Wagga ce amaryar da kac ce ba ka son ta ji kunyar ƙafarka ran biki?"

Zinatu ta rufe fuska da mayafi, hawaye na zuba. Can ta matso kusa da Zayyanu ta yi ƙasa da murya: "Ka yafe min, masoyi. Amma ko shi ɗin ma ban yarda ya ƙara taɓa ƙafarka ba."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Gummi. Inna ta kama hannun Zinatu ta damƙa wa Zayyanu, ta ce: "Na ba ka ita, ɗana. Allah shi yi muku albarka."