Sunan da Ama Phuti Ta Haɗiye

"Ka cire wurin nan, Urken!"

"Haba Yangji, ki saurare ni mana..."

"Ba abin da zan saurara! Da bakinka ka ce min a Katmandu kaɗai za a nuna fim ɗin, sai ƙasashen Turawa. Yau kuma sai ga yara na zagaya gari, wai gobe majigin Urken a zauren makaranta?"

A gonar dankali ya same ta, bayan katangar dutse, fartanya a hannunta, fuskar nan a murtuke. Shi kuwa gogan naka yana tsaye da rigar sanyinsa ja, sai murmushi yake kamar wanda ya zo karɓar yabo.

"Dattawa ne suka roƙa, zuciyata. Fim a kan iyayensu, a ce su ne ba za su gani ba?"

"Su gani! Amma ka cire wurin babana. Ama, uwata, za ta je, ka sani sarai za ta je."

Murmushin ya ɗan ja baya.

Urken ɗan ɗaukar hoto ne. Ya daɗe yana bin Turawa masu hawan Chomolungma, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, da kyamara a kafaɗa. Shi ke riga su kaiwa ƙololuwa, ya durƙusa cikin ƙanƙara yana haki, ya jira Bature ya iso don a ɗauke shi yana ɗaga hannu. In fim ya fito, Bature ne jarumi, Urken kuwa sai ka sa ido sosai kafin ka tsinci sunansa can ƙasa. Abin ya ci masa rai har ya ce shi ma zai yi nasa, a kan 'yan dakonmu da suka yi ta kafa igiya da tsani tun zamanin kakanni, aka yi ta binne su a ƙanƙara ba wanda ya san su waye.

Wajen tono tsofaffin finafinai ne ya ci karo da wani saurayi yana ɗaure igiya a ƙugu, yana dariya, da wushirya irin ta Yangji sak. Muryar Bature a kan hoton cewa kawai ta yi, washegari ƙanƙara ta zaftaro, an yi asarar ɗan dako ɗaya da kaya masu yawa. Da Urken ya nuna wa wani tsoho da aka yi tafiyar da shi, tsohon ya tashi ya bar ɗakin yana share ido. Nan Urken ya tabbata uban Yangji ne.

Mu nan Khumbu ba ma kiran sunan mamaci. Wanda ya tafi yana kan hanya ne, in ya ji an kira shi sai ya waiwayo, in ya waiwayo kuma ya ɓata, ba ya nan ba ya can. Shi ya sa ni ma mai ba ku labari ba za ku ji sunan mutumin nan a bakina ba. Ama Phuti, uwar Yangji, tana goyon ta mijin ya rasu. Gawa ma ba a samu ba. Da lamomi, malaman addininmu, suka gama addu'o'insu, ta tattara 'yan hotunansa ta sa a wuta, ta kulle bakinta. Yangji ta tashi ta san sunan ubanta a rubuce, amma ba ta taɓa jin sa a bakin kowa ba, fuskarsa kuwa ko a mafarki.

To ranar da Urken ya buɗe mata kwamfuta ya nuna mata, me kuke zato? Kuka ta yi kamar ranta zai fita. Ta sa ya mayar, ya sake mayarwa. Sai ya kama hannunta ya ce, "Sun ƙirga shi tare da kaya, Yangji. Ki ba shi sunansa. Ke ce 'yarsa." Ya kunna abin ɗaukar murya, ita kuma so da maraici suka haɗu suka rufe mata ido, ta faɗa. Sharaɗi ɗaya ta gindaya, kada Ama ta taɓa ji.

"Ni fa gani nake za ta ji daɗi," in ji Urken yanzu, yana wasa da zif ɗin rigarsa. "A Katmandu mutane tsaye suka miƙe a wurin nan. Har da masu kuka."

"Mijinsu ne?"

Ya kau da kai.

"Na ce mijinsu ne, Urken?"

"Shi ke nan, ya isa. In an zo wurin zan tsallake. Danna abu ɗaya ne kawai."

"Ka rantse."

"Na rantse da dutsen nan." Ya nuna shi da haɓa, ya matso yana lallashi. "Saura kaka mu yi aure, ki ce zan ɓata wa surukata rai? Ni da nake tsoron ludayinta?"

Ta harare shi, amma dariya ta kusa ƙwace mata. Haka yake, ba ta taɓa iya riƙe fushinsa ba, abin da ya cuce ta ke nan.

Washegari ta yi ta dabarar hana Ama fita. Ta ce akwai sanyi, ta ce zauren zai cika, ta ce ai gwiwarta na ciwo.

"Gwiwata ce ko taki?" in ji Ama Phuti, tana ɗaura sabon zanen gabanta mai ratsi-ratsi. "Yaron da danginsa suka kawo min giyar neman aure na sha, ya yi abin kirki, ni ce zan zauna gida? Ki miƙo min gyalen nan."

Farin gyale ne na girmamawa, wanda muke rataya wa mutum a wuya. Ta ninke shi da kyau ta riƙe. Ta yaya Yangji za ta yi bayani ba ta taɓo abin da ba a taɓowa ba?

Da rana tsaka aka fara. An toshe tagogi da barguna, zaure ya cika maƙil, warin man shanu da hayaƙi ko'ina. Tsofaffi na gaba, kuma ba su bar fim ɗin ya yi magana shi kaɗai ba.

"Kai, ku ga takalmin da muka hau da shi!"

"Kai ka hau? Ba a tanti muka bar ka kana amai ba?"

"Rufa min asiri, matata na nan!"

Aka bushe da dariya. Har Ama Phuti na rufe baki da hannu. Yangji kuwa ba allo take kallo ba, hannun Urken take kallo, can gefe, a kan kwamfuta.

Sai hoton ya sauya, ya koma dishi-dishi irin na da. Ga tanti, ga igiya. Ta gane wurin. Ta ga Urken ya ɗaga yatsa, ya kai kan madannin... ya tsaya. Ya ɗago kai ya kalli allo, ya kalli jama'ar da suka yi tsit suna kallon aikinsa, idonsa na ƙyalli. Yatsan nan bai sauka ba.

Saurayi mai wushirya ya cika bango, yana dariya.

Sannan muryar Yangji ta fito daga lasifika, ba wanda bai gane ta ba. "Wannan babana ne. Sunansa..." Ta faɗe shi. Urken kuma, don gwaninta, ya sa sunan ya maimaitu har sau uku a kan hoton dutsen.

Wayyo! Zauren nan ko tari babu. Wata tsohuwa ta fara jan carbinta da sauri tana karatu ƙasa-ƙasa. Maza suka sunkuyar da kai.

Ama Phuti ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. Ta zuba wa bangon ido har fuskar ta ɓace, leɓenta na motsi ba sauti. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ratsa mutane ta fita, gyalen na dunƙule a hannunta.

Yangji ta bi ta a guje. "Ama! Ama, ki tsaya!"

Ba ta tsaya ba sai gida. Ta zauna gaban murhu ta shiga hura wutar da ba ta mutu ba.

"Ama, ki yafe ni... so nake kawai in..."

"Kin gan shi?"

"Na gan shi."

"Kyakkyawa ne ko?" Muryarta a bushe. "Ni na san haka. Ke a zatonki mantawa na yi? Tun kina bayana sunan nan yake nan," ta dafa maƙogwaro, "kullum sai ya taso, kullum sai na haɗiye. Ina fama da rashin lafiya ban kira shi ba. Ranar da kika fara tafiya na juya zan ce masa ya duba, na cije harshena har jini. Don me? Don ya samu ya wuce. Mutumin da ko gawarsa ban wanke ba, abin da ya rage in yi masa ke nan, in yi shiru."

"Ama..."

"Sai ga 'yarsa ta cikinsa ta tsaya gaban gari tana ƙwala masa kira. Wa zai ji muryar 'yarsa bai waiwayo ba? Faɗa min, wa?"

Yangji ta zube a ƙasa ta kama ƙafafunta tana kuka. Ama ba ta janye ba, ba ta kuma dafa ta ba.

"Gobe ki hau gidan ibada ki kira lamomi, a sake daga farko. Yaron nan kuma, ki aika wa danginsa su zo su ɗauki tulun giyarsu. In kin zaɓe shi, ga hanya nan, ba na riƙe kowa. In kin zauna, kada in ƙara jin sunansa a gidan nan."

Da yamma ya zo. A bakin katanga ta tare shi, ba ta bari ya taka tsakar gida ba. Idonsa ya yi ja.

"Yangji, ki bar ni in durƙusa mata. Zan cire, na rantse zan cire yau ɗin nan!"

"Jiya ma ka rantse."

"Hannuna ne ya ƙi... na ga yadda suke kallo, na ce a karo na farko ga namu a bango da sunansa..."

"Na ga hannunka, Urken. Ba ƙi ya yi ba, kai ka hana shi."

"Don shi na yi! Don ke!"

"Don fim ɗinka ka yi." Hawaye na zuba amma muryarta ba ta karye ba. "Ka ce Turawa sun ɗauki mutanenmu sun yi ado da su ba su tambayi kowa ba. To kai wa ka tambaya? Su ko ba komai ba su san al'adarmu ba. Kai a cikinta aka haife ka."

Ya dafa katangar kamar zai faɗi. "Ke ma fa kin so. Ke kika faɗi sunan."

"Ni na faɗa. Shi ya sa zan zauna in ga abin da na yi mata kullum safiya. Kai kuwa kana da inda za ka je a tafa maka."

"Ba kya sona ke nan?"

"Ina sonka har ina jin haushin kaina! Da ba na sonka, da ka isa ka sa ni buɗe baki?" Ta goge fuska da bayan hannu. "Ita ni kaɗai gare ta. Tafi, don girman iyayenka ka tafi, kafin ta fito."

Ya tafi yana waiwaye. Ita ba ta jira ya sha kwana ba ta shige.

Lamomi suka zo suka yi kwanaki suna karatu. Fim ɗin kuwa ya riga ya shiga wayoyin samari, ba mai iya kamo shi. Ama Phuti ta daina zuwa kasuwar Namche, don kada ta wuce wani shago ta ji. Dangin Urken suka zo suka ɗauki tulunsu ba wanda ya kalli wani. Kaka ta zo ta wuce, ba a yi biki ba.

Da lokacin hawa ya zagayo, ayarin masu hawan dutse ya bi ta ƙasan gari, shanun dako na gaba da ƙararrawa. Yangji na kan rufi tana shanya, ta hango jar riga da kyamara a kafaɗa. Ya rame. Ya tsaya ya ɗaga kai.

"Yangji!"

Sunansa ya taso mata har bakin leɓe. Ta ji motsin Ama a ƙasa tana dama shayi. Ta cije, ta haɗiye, ya wuce mata maƙogwaro kamar garwashi. Ya jira, ya jira, har na bayansa suka ce ya ba su hanya.

A garinmu duk macen da nata ke kan dutse takan ƙona rassan itacen ƙamshi kowace safiya har ya sauko. Washegari Yangji ta fita bayan gida ta haɗa 'yar wutarta a ɓoye. Hayaƙi bai gama tashi ba ta ji takun Ama a bayanta.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon wutar.

"Yana ci miki maƙogwaro ko?"

Yangji ta gyaɗa kai, hawaye na ɗiga a kan rassan.

"Ba ya dainawa," in ji Ama Phuti. "Ki gama ki zo, shayi na hucewa."