Hayaƙin Garinmu

“Sake faɗa, Likita... ban ji ba.”

Ta ji sarai. Shekara biyar Auta tana aikin jinya a ƙaramin asibitin nan, ta san abin da farin tabo a hoton ƙirji yake nufi. Sai dai yau ƙirjin na Dogo ne, mai walda a masana'antar narka ƙarfe, wanda saura wata uku a ɗaura musu aure.

“Sista, huhun ya lalace sosai,” in ji likitan. “In ya ci gaba da shaƙar iskar garin nan, ba na jin zai ga baɗi.”

A kan bencin baranda ta tarar da Dogo, ya miƙe dogayen ƙafafunsa sun tare hanya.

“Autata, wannan fuska fa? Ko an ce tsawon ne ya yi yawa, a rage?”

Ta so ta yi dariya, sai kuka ya riga ta.

“Ni na ja maka...”

“Kul!”

“Wallahi ni ce! Kai ka ce mu tafi!”

Gaskiya ta faɗa. Shekara biyu da suka wuce ya zo mata da takardar aiki daga wani gari a kan tudu, inda iska ba ta ƙaiƙayi a maƙogwaro. Ta ce atafau. Ta san garinsu ba abin nuna wa baƙo ba ne. Sau uku take goge taga a yini, tsumman ya fito baƙi ƙirin. Shanya sai a cikin ɗaki. Kogin da babanta ya yi kamun kifi a cikinsa har ya rasu, yanzu kumfa ce mai wari ke yawo a kansa, ko akuya ba ta kai baki. Amma a bakin kogin ta koyi tafiya. Babu ƙofar da ba ta san mai ita ba, rabin yaran unguwa a hannunta aka haife su.

“Ko kifin ya gudu, ni ba zan gudu ba,” ta ce masa a ranar.

Ya dube ta ya daɗe, ya ninke takardar, bai sake tayar da zancen ba.

Kafin la'asar labarin ciwon ya isa gida. Inna tana zaune a tabarma, babban wanta, Yaya, na tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu.

“Auta, ba ƙinsa nake ba, Allah ya sani,” in ji Inna. “Amma ni na yi jinyar ubanku. Ba zan zuba ido ki shiga abin da na fito ba.”

“Inna...”

“Ke, saurara!” Yaya ya katse ta. “Ga Mai Kemis, abokina, yana buɗe shago a babban birni. Shekara nawa yana bin ki? Ki fita daga wannan juji ki huta!”

“Jujin nan aka haife ka, Yaya.”

“Shi ya sa na tattara nawa na bar shi!”

Ta riga ta yanke shawararta: za ta ajiye aiki, ta ɗauke Dogo su koma tudu. Kwana uku tana cikin neman canjin wurin aiki. A rana ta huɗu ta je ɗakinsa, ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Wayarsa a kashe. Saƙo ɗaya tak ya shigo mata:

“Na yafe miki alkawari. Allah ya ba ku zaman lafiya.”

Ku? Ita da wa?

Tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi ce ta warware mata.

“'Yar nan, mai maganin nan ne ya zo da sassafe. Na ji shi da kunnena yana cewa kin amince masa, kunya ce kawai ta hana ki faɗa wa mara lafiya. Yaron nan ya haɗa kayan waldarsa ya ba ni ajiya, ya tafi wajen gwaggonsa.”

Auta ba ta san lokacin da ta isa kemis ba. Mutane cike a gaban kanta.

“Ka je wajen mutumin da numfashi ke gagara, ka yi masa ƙarya?”

“Sista, taimakonki na yi. Wata nawa ya rage masa?”

“Ko kwana ɗaya ne, ya fi shekarunka duka!”

Yini guda ta yi a mota. Gidan gwaggon na bayan wata gona, sama tas, iska mai daɗi har tana sa mutum jiri. Ta same shi a kujera a inuwa, ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa.

“Me ya kawo ki?”

“Mijina na biyo.”

“Auta, kar ki yi don tausayi...”

“Tausayi? Dogo, ni ce fa! Wani ya zo ya faɗa maka abin da ke zuciyata, ka yarda, ko tambayata ba ka yi ba?”

Ya sunkuyar da kai.

“Na so in yarda ne, masoyiya. Na ga ya fi miki sauƙi.”

Ta durƙusa ta kifa goshinta a hannun kujerar, suka yi ta kuka, nasa yana sarƙewa da tari.

Inna ce ta fara saukowa. Da ta ji abin da Mai Kemis ya yi, ta kira Yaya ta wanke shi tas, ta ce ya kai ta gidan gwaggon da kansa. A tsakar gidan gwaggo aka ɗaura auren, mutum bakwai ne kacal. Yaya ne ya riƙe Dogo da ya tashi tsaye.

Wata huɗu suka samu. Ta dafa masa abinci, ta yi masa aski, ta yi masa allura, ya riƙa tsokanarta wai hannunta ya fi zafi tunda ta zama matar gida. Amma ciwon ya riga ya yi nisa. Wata safiya ya riƙe mata hannu.

“Kai ni gida.”

“Iskar can ce ta...”

“Na sani. Nan da kyau, Autata, amma ko tari na yi babu wanda ya san muryata. Kina tsammani don ke kaɗai na ninke takardar nan? Ni ma ban iya barinsa ba. Da ke na fake.”

Ta dube shi. Laifin da take ɗora wa kanta tun ranar hoton ya ɗan ragu.

A kujerar bayan motar Yaya ya kwanta, kansa a cinyarta, idonsa a rufe. Suna hawa gada, warin ya shigo ta taga. Yaya ya kai hannu zai ɗaga gilashi.

“Bar shi, Yaya,” Dogo ya ce, yana murmushi. “Mun iso.”

Kwana goma sha tara ya yi. Abokan aikinsa suka riƙa zuwa da baƙaƙen kayansu, su zauna a ƙasa suna ba shi labarin da ya sani. Ya rasu da hantsi, hannunsa a nata, jiniyar canjin aiki tana kaɗawa daga masana'anta.

Da ta koma aiki, wadda ta fara shigowa wata matashiya ce da goyo. Ƙirjin jaririyar na kukan usur. Auta ta ɗora mata abin shaƙar iska, ta riƙe shi da hannu biyu.

“Baiwar Allah, in kina da inda za ki kai ta, ki kai ta. Yau, ba gobe ba.”

Matar ta ɗago jajayen idanu.

“Ke fa, Sista? Ai kin samu hanya, kika dawo.”

Auta ta gyara wa jaririyar hula.

“Ke ki tafi da ita. Waɗanda ba su da wurin zuwa za su tarar da ni a nan.”