Maɓallin Mayarwa

Tun da kwalekwale ya kife da ƙanensa Lukuman a hanyar Kalgo, cikin daminar 1998, Atiku ya gaji kwamfutar gyaran hotuna a shagonsu na Gwandu. Bai iya ta ba. Aikin da marigayin kan gama kafin shayi ya huce, shi sai ya wuni a kansa yana jan maus. Bai yi kuka ba, bai kuma rufe shago ba.

Daren sadakar arba'in, yana gyaran hoton Lukuman, hannunsa ya goce ya share rabin fuskar. Ya zauna yana kallon farin gurbin, janareto na ta ƙugi a waje.

Aka yi sallama ƙasa-ƙasa. Wani mutum ya shigo, rawani ya rufe masa fuska, ƙarnin gulbi na biye da shi.

"Malam, mun tashi," in ji Atiku.

"Bar jan abin nan, akwai gajeriyar hanya," in ji baƙon.

Ya miƙo hannun hagu ta kan kafaɗar Atiku, ya danna maɓalli biyu tare. Fuskar ta dawo cif.

"Wannan shi ke mayar da abin da ya ɓace."

Ruwa ya kwanta a kan maɓallan, da ɗan yashi. Yatsun sun yi fari sun yamushe, ƙaramin a karkace, yadda ƙofar shagon nan ta taɓa matse na Lukuman.

Atiku bai waiwaya ba. Ya ce, "Kowane abu yake mayarwa?"

"A hoto kaɗai, Yaya."