Manhajar Da Ta Ƙi Haɗuwa

Ranar kasuwar Ɗambatta Kamaruddeen ya fara ganin Safara'u, zaune a shagon gyaran waya na yayanta da laftof a cinya. Ɗalibar kwamfuta ce da ta zo hutu. Shi kuwa manomin albasa ne, ya shigo da wani tsohon faifai a aljihu.

"Muryar mahaifiyata ce a ciki, Allah ya ji ƙanta," ya ce. "Waƙoƙin niƙa ne da kawuna ya ɗauka. Ba abin da ke buɗe su."

Ta duba, ta ɗago. "Wata tsohuwar manhajar sauraron waƙa ce kaɗai ke karanta irin wannan, an daina ta tun ina firamare. Amma rubutun asalinta yana intanet. Zan gwada haɗa ta da kaina."

Sai dai manhajar ta ƙi. Sassan da ta dogara da su duk an canza su a sabuwar kwamfuta. A gyara layi ɗaya, jan rubutu ya cika allo. Kullum da la'asar Kamaruddeen yana zuwa da rake, yana kiranta Injiniyata, tana rufe fuska tana murmushi.

Sannan sunan Abdulkabir ya shigo. Ɗan ajinsu ne daga Rijiyar Zaki. Abdulkabir ya ce a sauko da tsohon sashe. Abdulkabir ya turo gyara. Wata rana Kamaruddeen ya tarar suna waya tana dariya, ya ajiye raken a bakin ƙofa ya juya. Ko a gona sunan yake ji a ƙarar injin ban ruwa.

Da ya ji mahaifinta, Malam Abdussalam, ya fi karkata ga Abdulkabir ɗin a maganar aurenta saboda karatunsu ɗaya, sai ya tura mata saƙo:

"Ki dawo min da faifaina. Ni ban iya yarenku ba. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Kwana uku ba amsa, abinci ya gagare shi. A na huɗu saƙo ya shigo:

"Sarkin kishi, ta haɗu. Ban kunna ba, kuma ba wanda zai riga ka ji. Ka zo gida, Baba yana nan."

A zaure ta danna. Ƙarar dutsen niƙa ta fara fitowa, sai siririyar muryar mace tana kiran sunan ɗanta Kamaruddeen cikin waƙa. Kamaruddeen ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa.

Safara'u ta durƙusa. "Baba, layi biyu Abdulkabir ya gyara, kuma na gode masa. Sauran aikin sati biyar ne, saboda wannan bawan Allah na yi shi."

Malam ya dubi Kamaruddeen. "Na san mahaifiyarka Hure. Mutuniyar kirki ce. Ka turo magabatanka."

Da ta rako shi ƙofa, ya ce a hankali, "Layi biyun nan, ba za a iya goge su ba?"

Ta yi dariya har da hawaye. "Kai dai ba ka da magani."

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure. Malam ya dafa kansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari." Zaure ya amsa da amin.