Jirgin da Ya Sauka Ba Sallama

Ku rage fitilar nan. Ke Hansai, in dariya za ki yi ta yi, tashi ki ba mu wuri, wannan ba tatsuniya ba ce. Mutumin ma kun san shi. Baba Ƙasimu na layin bayanmu, wanda ba ya magana. To, ba haka aka haife shi ba.

Matuƙin jirgin sama ne. Wani kamfani ya ɗauke shi gwajin ɗan ƙaramin jirgin da suke ƙerawa, mai aiki da batir. Ba ya gudu a ƙasa kafin ya tashi. Daga inda yake sai ya ɗaga sama a tsaye, haka kuma yake sauka. Wai shi zai riƙa kai mutane unguwa-unguwa, a huta da cunkoson titi. Babbar taƙamarsu, jirgin ba shi da ƙara. Shi kuwa Ƙasimu ga cika baki. Cewa yake zai sauka kusa da akuya tana barci, ba ta farka ba.

A fakon bayan gari suke gwajin, wurin nan da ko ciyawa ba ta fitowa. Kowa ya san fako da masu shi. Ko ruwan zafi ba a zubarwa a irin wurin sai da bisimilla, saboda 'ya'yansu. Ƙasimu ya sani sarai, uwarsa ta gaya masa tun yana yaro. Girman kai ne kawai.

Wata Juma'a da rana tsaka, kowa ya tafi masallaci, shi ya tashi jirgi shi kaɗai. Ya zaga, ya dawo, ya sauko a hankali. Ba bisimilla, ba sallama. Ƙafar jirgin ta hagu ta taka wani abu mai laushi. Har a jikinsa ya ji. Ya fito ya duba. Ba komai, sai ɗan danshi kamar faɗin tafin hannu. Ya sa takalmi ya tura ƙasa a kai.

Juma'ar da ta zagayo, ya sake zuwa shi kaɗai. Sai ga wata mace tsaye jikin jirgin. Doguwa, ta rufe rabin fuska. Ta ɗaura zanen goyo tam, har da majanyi. Amma bayan nata ba ɗa.

Ta ce, "Direba, rage mini hanya."

Ya ce, "Baiwar Allah, ba a fara ɗaukar fasinja ba."

"Za ka fara."

Bakinta bai motsa ba. Muryar daga bayan kunnensa ta fito. Ya sunkuyar da kai, sai ya ga tana taka tsakuwa, tsakuwar ba ta ko motsi. Ya faɗa jirgi ya ja ƙofa, ya tashi. Da ya waiga, tana zaune a kujerar baya.

Ta ce, "Mota tana ƙara, mu kauce. Jirgin alhazai tun daga nesa muke jin rurinsa. Kai fa?"

Ya ƙanƙame sandar tuƙi.

"Na kwantar da ɗana na je ɗebo ruwa. Da na ji ko tari ne, da na dawo a guje. Ko yaye shi ban yi ba. Ka kuma tura masa ƙasa da takalmi."

Sandar tuƙi ta ƙwace daga hannunsa. Jirgi ya juya da kansa ya nufi gari. Ya wuce kasuwa, ya wuce makabarta, ya tsaya cak a saman wani gida. Ƙasimu ya leƙa. Gidansa ne. Ga matarsa Asabe tana wanki, ta ba da baya. Ga jaririyarsu Rumasa'u a kan tabarma tsakar gida, tana barci.

Jirgi ya fara sauka. Ƙafar hagu daidai kan tabarmar. Ko shanya ba ta kaɗa ba, matar da ke kujerar baya ta riƙe har iskar. Asabe tana ta cuɗa kaya tana 'yar waƙarta.

Ya doki gilashi. Ya yi ihu. Ba abin da ya fita. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya fashe da kuka.

"Ki ɗauki raina, ki bar ta."

"Me zan yi da ranka? Ka mutu ka huta?" Ta matso har ya ji sanyin numfashinta. "Matarka ba ta yi mini komai ba, ba zan ɗora mata goyon wofi ba. Kai nake so. Magana ɗaya ta rage maka a duniya. Ni ko magana ɗayar ba a ba ni ba."

Ya buɗe baki da duk ƙarfinsa. "Asabe, ɗauke yarinya!"

Asabe da bakinta ta gaya wa Innarmu, kamar a cikin kunnenta aka faɗa. Ta yi tsalle ta fizge 'yar. Ƙafar jirgin ta huda tabarmar, ta nutse cikin siminti.

Da aka buɗe ƙofa, kujerar baya ba kowa. Sai majanyi a ninke.

Shiru yake taƙama da shi, shiru ta ba shi. Ba murya kaɗai ba. Tafiyarsa ba a ji. In ya tafa hannu ba a ji. Asabe ta taɓa ɗaura masa ƙararrawa a ƙafa don ta daina firgita in ya shigo, ƙararrawar ta ƙi kaɗawa. Ni da idona na gan shi tsaye a ƙofar gidansa, bakinsa yana sallama, yana sallama, ba mai amsawa.

Rumasa'un ita ce wadda kuke zuwa Islamiyya tare, Hansai. Har yau ba ta taɓa jin ubanta ya kira sunanta ba.

Yanzu kuma ba kya dariya, ko? To ku ji ni da kyau. Kada wanda ya ratsa fakon nan shi kaɗai da rana tsaka. In ta kama dole, ku yi sallama da ƙarfi, ku ja takalmi a ƙasa. Har yanzu akwai masu kwantar da 'ya'yansu a wurin.