Tsagar da ke Tsakiyar Benci

Ranar Talata ce. Hadari ya haɗu tun safe, ruwan ya ƙi sauka.

Kafinta yana goge katako a rumfarsa ta ƙofar gida, autansa na durƙushe a gefe.

"Baba, don Allah a sake duba maganar 'yar tela..."

"Na gama magana. Ba ka kawo min 'yar haɗaka gidan nan."

Haɗaka dai makaranta ce da maza da mata ke zama aji ɗaya. Amma a bakin Goggo, yayar Kafinta, zagi ce. Ta leƙo daga zaure.

"Yarinyar da ta girma kafaɗa da kafaɗa da ƙato! Wace kunya ta rage mata?"

"Goggo, ai ni ne ƙaton. Sitmet ɗina ce, benci ɗaya..."

"Kai namiji ne! Rufe min baki!"

Auta ya share hawaye ya tashi. Bai ƙara tayar da zancen ba, sai rama. Ita ma 'yar telar ta aiko cewa ba ta shiga gidan da uba bai sa albarka ba, za ta jira. Manema suka yi ta zuwa tana sallamarsu, har damina ta wuce.

Wata rana makarantar ta aiko da karyayyun bencuna gyara. Ana sauke su Auta ya tsaya cak a kan wani.

"Namu ne," ya ce a hankali.

Kafinta ya duba. Tsaga ce mai zurfi ta raba saman bencin biyu.

"Wa ya ɓata katako haka?"

"Ita ce, da ƙusa. Duk ranar da gwiwar hannuna ta matso, sai ta buge ni da rula, ta ƙara zurfinta."

Tsohon ya bi tsagar da babban yatsa. Ya san katako, wannan ba yankan rana ɗaya ba ne, na shekaru ne. Ɓangaren ɗansa ya goge sumul har bakin tsagar. Nata ɓangaren kuwa ko kusa da tsagar bai goge ba.

Ashe kamun kai a zuciya yake, ba a katangar makaranta ba, kuma wanda ya hukunta yarinya da sunan makarantarta ya zalunce ta.

Washegari bai buɗe rumfa ba. Ya sa fararen kayansa, ya wuce Goggo a zaure, ya nufi gidan tela.